Awa Ɗaya ce a Jirgi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, wanda ya ba mu Inna kuma ya karɓi abarsa. Tun bayan sadakar arba'in mutane ke tambayata yadda jinyar ta kasance, kuma duk wanda na fara ba wa labarin sai kuka ya katse ni kafin in kai ƙarshe. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Mai tsohuwa a gida da ɗan'uwa a nesa ya karanta, in ya ga gemunmu ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa.

Sunana Rabi, ni ce autar Inna. Ina aure a cikin garin Gwarzo, ina ɗinki a gida. Inna kuwa tana Gammo ta ƙasar Kabo, a gidan da Baffa ya rasu ya bar ta, da 'yan shanunta da gonar dawa a bayan gida. Asalinmu makiyaya ne. Kakanninmu suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya, Fulatancin ma ya gudu daga bakinmu, amma kunya ba ta gudu ba. Mu biyar Inna ta haifa, huɗu take kira da suna. Na farinta, Yaya Hamidu, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ana yaye shi aka kai shi Unguwar Tudu wajen Kawu Sale, yayan Inna, a can ya girma. In ya zo gaishe ta sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta juya fuska bango, ta amsa a ciki-ciki. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "yayanku". Muna yara mukan tsokane ta, "Inna, wai wa kike nufi? Yayyenmu ai da yawa." Sai ta zari muciya ta bi mu da ita.

Yaya likitan dabbobi ne, aiki ya kai shi Jalingo. Ranar da ya zo sallama yana zaune a bakin ƙofa, Inna ta ba shi baya, ta tambaye ni, "Rabi, garin nan da ake kai mutane, yana da nisa?"

Shi ma ni ya ba wa amsa. "Ki gaya mata ba nisa. Awa ɗaya ce a jirgi."

Ba ƙarya ya yi ba. Ya taɓa shiga tawagar wasu manya aka ɗebe su daga Katsina zuwa Jalingo, ya ce ko lemon da aka ba shi bai shanye ba aka ce za a sauka. Maganar nan ta zauna daram a gidanmu, yaro da babba kowa ya haddace ta. Babu wanda ya taɓa tambaya ko jirgin yana nan kullum kamar motar Kano a tashar Gwarzo.

Ciwon ya faro da noman farko. Na je Gammo na tarar takalmin Inna ya ƙi shiga ƙafarta, ta ce sanyin damina ne. A mako na biyu ta fara haki, ko tatsar saniya ɗaya sai ta huta a tsakiya. Kwanciya ta gagare ta, sai dai ta jingina da bango. Nan fa likitocin gida suka fito. Wannan ta ce shawara ce, waccan ta ce wani abu ta tsallaka a hanyar rijiya, Goggonmu ta haɗa jiƙon saiwoyi da kanwa ta ce ta sha safe da yamma. Kawu Sale ya kawo rubutu. Rubutun ban raina shi ba, amma jiƙon nan, Allah ya yafe wa Goggo, kamar ana hura Inna haka ta riƙa kumbura.

A mako na uku maigidana ya samo mota muka kawo ta asibiti a Gwarzo. Tun da safe muka yanki kati, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar, Inna na kan benci tana numfashi kamar wadda ta yi gudu. Likitan ya danna yatsa a ƙaurinta, ramin ya zauna kamar an danna tuwo. Ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ta a ɓoye har ya taɓa zuciya. Ya rubuta ƙwayoyin da za su sa ta fitsari, ya hana ta gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Inna ta kalle shi ta ce, "Ɗan nan, miyar da ba gishiri ba kanwa ai ruwan wanke-wanke ce." Ya yi dariya, ya ce to shi za ta sha in tana son ƙafarta.

Na riƙe ta a gidana. Kumburin ya sauka, ta fara cin abinci tana kushe min girki, muka ce alhamdu lillahi. Yaya yana kira kullum, kuma gaskiya ban ga inda ya gaza ba wajen kuɗi. Ina cewa magani ya ƙare, kafin in ajiye waya saƙo ya shigo. Ya ce zai nemi izini ya zo, Kawu ya karɓi wayar ya hana shi. Bayan nan ya tara mu ya kafa doka.

"Kada wanda ya tayar wa yaron nan da hankali. Aikin gwamnati yake, ga damina, ga rigakafin shanu. In ya tambaya ku ce da sauƙi. In abu ya yi tsanani, ai awa ɗaya ce."

Ni dai raina bai kwanta ba, na je na sami Inna. "Inna, in ce Yaya ya zo ya duba ki?"

"Ya zo ya yi me? Shi likitan shanu ne, ni saniya ce?"

Kowa ya kwashe da dariya, magana ta wuce. Amma daga ranar ta fara min wasu tambayoyi. Ina kan keken ɗinki sai in ji, "Rabi, jirgin nan, in ana ruwa yana tashi?" Wata rana kuma, "Daga Katsina zuwa nan fa, shi ma awa ɗaya ne?" Wata rana ta ce wai mutane ba sa jin jiri a ciki. Nakan ba ta amsa ina zura zare, har na tsokane ta na ce ko Makka za ta koma ne ba mu sani ba. Na ɗauka zaman gida ne ya ishe ta take neman hira.

Wajen mako na shida komai ya dawo sabo, har ya fi na da. Ciki ya ɗauka, tari ya zo da kumfa, leɓenta ya yi duhu. Likitan Gwarzo ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, ya tura mu wani babban asibiti a Kano. Wanda bai yi jinya a birni ba bai san jiran gado ba. Yini guda muka yi a baranda, Inna a kan tabarma, kanta a cinyata. Gwaji a wannan ƙarshen asibiti, biyan kuɗi a wancan, magani kuwa a ce babu sai a waje. Ƙafata ta yi kanta a hanyoyin nan. Da aka ce sai an sa mata iskar taimakon numfashi, abin da Yaya ke turowa ya daina isa, Kawu ya kai bajimin Inna kasuwa. Ba mu gaya mata ba har ta koma ga Allah.

Ba zan yi butulci ba. Akwai wata nas da kan zo ta juya Inna da hannunta ba ta ƙyama, tana kiranta Kaka. Akwai kuma wata dattijuwa mai jinyar 'yarta a gadon da ke kusa da namu, mukan ce mata Hajiya. Ruwan zafinta namu ne, kununta namu ne, in zan fita sayen magani ita nake bar wa Inna. Har yau ban san sunanta na yanka ba, amma tana cikin addu'ata.

Asibitin yana kan hanyar da jirage ke bi in za su sauka, a yini sai ka ji ƙararsu sau da yawa. Wata Lahadi da rana ina wanke kwanuka a bakin famfo, Hajiya ta biyo ni.

"Yarinya, mahaifiyarki akwai wanda take jira ne?"

Na ce babu, duk muna nan.

"Akwai. Kuma wanda take jin kunyarsa ne. Ki lura da ita in jirgi ya wuce."

Na koma na zauna, ban daɗe ba ƙarar ta taso daga nesa. Inna da ko kofi ba ta iya ɗagawa, sai na ga ta lalubo mayafi da hannun da aka sa wa allurar ƙarin ruwa, ta ja shi kanta, ta juya fuska bango. Ta zauna a haka shiru, kunnenta na bakin ƙofa. Da ta ji babu sallama, ta saki mayafin ta sauke numfashi. Haka take yi in Yaya ya zo gaishe ta, ban taɓa ganin ta yi wa wani mahaluƙi haka ba. Duk tambayoyin da ta yi min a kan keken ɗinki suka dawo min. Makonni tana kiran ɗanta iya yadda bakinta zai iya, mu muna dariya.

Washegari Litinin babban likita ya zo zagaye. Ya daɗe yana saurarar ƙirjinta, sannan ya ja ni gefe. Maganarsa tana kunnena har gobe. Ya ce, "Baiwar Allah, zuciyarta ta gaji. Muna yin abin da za mu iya, amma in akwai wanda ya kamata ya gan ta, ya zo yanzu."

Kawu ya ce a bari a ga yadda za ta kwana. Ban taɓa musu da shi ba sai ranar. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, yau kam zan saɓa maka." Na fita na kira Yaya.

"Yaya, ka taho."

Ya ce, "Jiya fa kuka ce min da sauƙi."

"Jiyan ma babu sauƙin. Ka taho, kai take jira."

"Ita ta faɗa?"

"Ka san ba za ta faɗa ba."

Maigidana ya karɓi wayar ya ce, "Yaya, ka kwana da shiri, asubar fari ka shiga mota. In Allah ya yarda kafin isha kana Kano." Yaya ya ce ruwa ya ɓata hanya, tafiyar yini ce cur, alhali gobe Talata akwai jirgi zuwa Abuja, daga can ya hau na Kano, kafin la'asar ya iso. A nan na fara jin cewa babu wani jirgin da ke tashi daga Jalingo ya sauka Katsina ko Kano kai tsaye. Wancan na shata ne, manya suka ɗauko abinsu suka gama suka mayar. Na kowa da kowa sai ya bi ta Abuja, kuma ba kullum yake zuwa ba. Duk da haka muka ce to, la'asar ta fi isha kusa.

Talata tun da safe yana filin jirgi. Ya ce min ɗaki ne guda da 'yan kujeru, kowa na leƙen sama. Da rana aka ce hadari ya hana jirgin tasowa, a ƙara haƙuri. Da yamma aka ce an fasa, sai gobe. Lokacin kuwa rana ta yi nisa, kuma mai hankali ba ya kama hanyoyin nan cikin duhu a wannan zamani. Na ce masa gobe kam mota. Laraba da sassafe yana shirin tafiya tasha aka kira shi aka ce jirgi tabbas zai zo da hantsi. Ya kira mu yana shawara. Inna ta kwana a wahale, dukanmu muka ce jirgin ya fi, har maigidana. Jirgin bai zo ba sai bayan la'asar. Ya sauka Abuja ya tarar na Kano ya tashi, na Katsina kuma babu ranar. Sauri ya haifi nawa. Da ya shiga mota asubar Talata, da ya samu kwana biyu a gefen gadonta.

Da yammar Larabar ya kira daga Abuja, na buɗe muryar wayar na ajiye kusa da matashinta.

"Inna, ina hanya. Ki yafe min, Inna."

Ta laluba ta ja mayafi. Ta daɗe tana tattara numfashi, sannan ta ce da ni, "Ki ce masa ya bi a hankali. Ki ce masa babu komai."

Na ji kukansa ta cikin wayar, namiji mai furfura a gemu, a tsakiyar mutane. Ya ce ya samu kujera a jirgin safe, kafin rana ta yi zafi yana Kano.

Alhamis da safe na goge mata jiki, na ba ta kunu, cokali biyu ta karɓa ta kau da kai. Yaya ya turo saƙo cewa an ɗaga tashinsu zuwa rana. Ban gaya mata ba. Ta buɗe ido ta kalle ni, idon ya yi haske kamar ba mai ciwo ba.

"Rabi, awa ɗayan nan ba ta cika ba?"

"Ta kusa, Inna."

Can sai ga ƙarar jirgi. Na san hannunta ba zai iya ba, na ɗauko mayafin zan rufa mata. Ta ture hannuna. Ba ta juya bango ba, ƙofa ta zuba wa ido, fuskarta a buɗe. Sai ta yi magana a hankali, ta kira sunan da ta haɗiye shekara arba'in da wani abu. Hajiya ma ta ji, ta rufe baki da hannu. Ƙarar ta wuce, babu wanda ya shigo. Na matso kunnenta ina karanta kalmar shahada, leɓenta na bi. Hantsi bai gama ɗagawa ba Allah ya karɓi abarsa.

Kafin a sallame mu a samo mota azahar ta gabato. Muka kai ta Gammo, aka yi mata wanka da sutura a ɗakinta. Yaya ya kira ya ce sun shiga jirgi. Na durƙusa gaban Kawu na roƙe shi a jira, ko fuskarta ya gani. Kawu ya nuna min gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

"Rabi, gawa ba ta jira. In ruwan nan ya sauka kabarin cika zai yi, kina so a sa ta cikin taɓo?" Ya juya zai fita, sai ya dafa bango ya fashe da kuka kamar yaro. "Ni na ce awa ɗaya ce. Ni na hana shi."

Aka sallace ta bayan la'asar. Maza suna dawowa daga maƙabarta ruwa ya kece. Yaya ya iso ana kiran magariba, jiƙe sharkaf, jakarsa ma a mota ya manta ta.

Ina godiya ga duk wanda ya zo dubiya da wanda ya yi mana ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Ban riƙe Kawu a zuciya ba, tausayin Yaya ya ji, irin tausayin da aka koya mana. Amma ina roƙon jama'a, ku daina cewa na nesa da sauƙi alhali babu sauƙin. Ku gaya masa gaskiya, hankalinsa ya tashi yau ya fi ya tashi har ƙarshen ransa. Ƙafar tsoho in ta kumbura a kai shi asibiti kafin a kai ga jiƙo. In an ce muku gari kaza awa ɗaya ne a jirgi, ku tambaya wane jirgi, yaushe yake zuwa, ta ina yake bi. In mota za ta kai ka yau, ka shige ta. Kai kuma na nesa, kuɗinka ya yi amfani, amma zuwa da kai ya fi saƙo. Kuma in uwarku mai kunya ce, kada ku tsaya kan abin da ta faɗa, ku dubi abin da take yawan tambaya.

Saura wurin da kuka ke tsayar da ni in ina ba da labarin da baki. Washegarin jana'iza da safe maza suka raka Yaya ya ga kabarin. Da ya dawo ya wuce ɗakin Inna, ya zauna a bakin ƙofa, daidai inda ya saba zama, ko yanzu bai ƙarasa ciki ba. Ina ninke kayanta. Ya daɗe yana kallon mayafin da ke hannuna.

"Auta, ta yi maganata?"

"Ta kira sunanka, Yaya."

Ya ɗago kai. "Wancan ta ce, ko yayanku?"

"Sunanka ta kira. Ta ture mayafi, ta kalli ƙofa, ta kira ka."

Ya girgiza kai kamar wanda ake yi wa ƙarya don a lallashe shi. Na rantse masa, na ce Hajiyar gadon kusa shaida ce. Sai ya matso, ya tsallake bakin ƙofar, ya durƙusa a gabana.

"Yaya ta faɗe shi? Ni ban san yadda yake a bakinta ba. Faɗa min yadda ta faɗa."

Na rufe ido, na nemo muryarta, na sassauta tawa yadda ta yi, na ja ƙarshen kamar yadda ta ja.

"Hamidu."

Na san ban yi daidai ba, muryata ba tata ba ce. Amma ya karɓi mayafin daga hannuna ya kifa fuskarsa a ciki, ya ce, "Na'am, Inna. Na iso."

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da ɗanta a inda babu nisa.